Fasa gida a dokar Sudan: me ya sa alƙali ke tambayar ƙofa kafin ya tambayi kaya?

A ce mutum ya haura katangar wani gida a Gadarif da tsakar dare, ya ɓalle kwaɗon ɗakin ajiya, ya fice da buhun riɗi biyu. A bakin mutanen unguwa sunan abin ɗaya ne: an fasa gidan wane. A teburin wakilin niyaba kuwa, wato mai gabatar da ƙara, babu laifi guda mai wannan suna. Dokar Laifuffuka ta Sudan ta 1991 ta rarraba abin da ya faru a daren: shigar daban, ɓalle kwaɗon daban, ɗaukar riɗin daban, in kuma ɓarawon ya zare wa mai gida adda, wannan ma nasa sashen daban. Mafi sauƙin hukuncin da ke cikin jerin ɗauri ne da bai wuce wata shida ba, ko tara. Mafi tsananinsa, in ba a zubar da jini ba, yanke hannu, ko ma hannu da ƙafa.

Mai kaya yakan je gaban hukuma da lissafin abin da ya rasa. Amma abin da ke kai shari'a wannan gefe ko wancan ba lissafin ba ne kaɗai. A ina kayan suke ajiye? Ta yaya mutumin ya kai gare su? An taɓa ba shi izinin shiga wurin? Amsar waɗannan tana jikin ƙofa, da kwaɗo, da rairayin tsakar gida, kuma su ne abubuwan da mutanen gida kan fara gyarawa ko sharewa tun kafin ɗan sanda ya iso.

Da can ba haka tsarin yake ba. Turawan Ingila sun kafa wa Sudan dokar laifuffuka a 1899, suka sabunta ta a 1925, duka biyun daga dokar Indiya aka ɗebo su. Ta 1925 ta jera matakai kamar tsani: shiga filin wani, shiga gidansa, laɓewa a cikin gidan, fasa gida, fasa gida da dare. Wanda ya karanta aikin lauya a Zariya ko Kano zai gane tsanin nan, domin Final Kod ta Arewacin Najeriya, wadda ta fara aiki a 1960, daga ta Sudan aka kwaso ta. A Satumbar 1983 shugaban ƙasa Numairi ya shigo da haddi, amma dokarsa ta yi wa sata ma'ana mai faɗi, ba ta ɗora sharaɗin a fitar da kaya daga ma'ajiyarsu ba. Sakamakon haka an yanke hannaye da dama kafin gwamnatinsa ta faɗi a 1985, yawanci na talakawa. Dokar 1991 ta dawo da sharaɗin, ta jera abubuwan da ke kayar da haddi, sannan ta dunƙule tsohon tsanin fasa gida cikin sashe guda. Gyaran da gwamnatin riƙon ƙwarya ta yi a Yulin 2020 ya cire bulala daga yawancin laifuffukan ta'aziri, wato waɗanda ba na haddi ko kisasi ba, bai taɓa haddin sata ba.

Shigar kanta laifi ce

Sashe na 183 shi ne na kutsawa cikin mallakar wani. Ya kama wanda ya shiga gida, ko shago, ko mota da ke hannun wani, ko ya shiga ya ƙi fita, da nufin tsoratar da shi, ko takura masa, ko hana shi haƙƙinsa. A nassin 1991 hukuncinsa hawa uku ne. Shiga zalla, ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko tara, ko duka biyu. In an shiga da niyyar aikata wani laifi ko da ƙarfin tuwo, har shekara 3. In da dare ne, ko da makami, ko da wani abu da zai iya raunata mutum, har shekara 5. Lura da wannan na ƙarshe: ba sai bindiga ba. Rodin da aka zo ɓalle ƙofa da shi abu ne da zai iya fasa kai.

Ke nan wanda aka kama a tsakar gida da ƙarfe biyu na dare hannunsa wayam, ba a ce babu abin tuhumarsa. Abin da mai ƙara zai sha wahala a kai shi ne niyya, tunda ba a ganin zuciya. Ana ɗauko ta ne daga lokacin shigar, da hanyar da aka bi, da abin da ke hannun mutumin, da abin da ya yi da aka gan shi. Wanda ya shigo ta ƙofa da sallama ya ce ɓatan hanya ya yi, maganarsa tana da madafa. Wanda ya diro ta bayan banɗaki, takalmansa a hammata, ba ta da ita.

Dokar ma ta ja baya zuwa kafin a shiga. Sashe na 184 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ga wanda aka kama da dare yana laɓe, ɗauke da kayan aikin da suka dace da sata. Na 185 kuma na maƙerin da ya ƙera irin kayan, ko mai yankan makulli da ya kwafi makulli don a yi ɓarna da shi. Wanda ya fara bai ƙarasa ba, misali ya tattara kaya a bakin katanga aka rutsa shi, ana hukunta shi da abin da bai wuce rabin hukuncin laifin ba. In laifin da ya nufa na yanke hannu ne, yunƙurin kaɗai yana iya kai shi shekara 7.

Sata iri biyu

Sata ta gama-gari tana sashe na 174: ɗaukar abin wani daga hannunsa, ba da yardarsa ba, da mugun nufi. Ɗaurinta ba ya wuce shekara 7, kuma alƙali yana da sararin saukowa ƙasa sosai. Mafi yawan shari'o'in fasa gida a nan suke ƙarewa.

Satar haddi tana sashe na 170, kuma ba ta tabbata sai abubuwa sun haɗu: a ɗauki kayan a ɓoye, da nufin mallake su, daga hirzinsu, wato ma'ajiyarsu, kuma darajarsu ta kai nisabi. Hukuncinta a sashe na 171 yanke hannun dama ne daga wuyan hannu, bisa aya ta 38 a Suratul Ma'ida. Wanda aka sake samu da laifin bayan an yanke, ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba ne, ba a bin sauran gaɓoɓinsa kamar yadda yake a littattafan Malikiyya.

Hirzi shi ne inda fasa gida ya shigo cikin lissafi, kuma nan ne lauyoyi suka fi daɗewa. Dokar ba ta ce hirzi shi ne ɗaki mai ƙofar ƙarfe ba. Ta ce wurin da ake ajiye abu, ko yadda aka saba ajiye irinsa, bisa al'adar mutanen wurin ko ta masu sana'ar, kuma duk abin da ke ƙarƙashin gadi yana cikin hirzi. Saboda haka kowane kaya da nasa. Hirzin akuya shi ne zariba, wato shingen dabbobi, ko da ta ƙaya ce. Hirzin dawa shi ne rumbu ko matmura, ramin da manoman Gadarif da Sinnar ke binne hatsi. Hirzin kwalekwalen masunci a Mai Wurno, wani gari a jihar Sinnar, shi ne inda aka saba ɗaure shi a gaɓar kogi. Amma sarƙar zinariya da aka manta a kan gadon tsakar gida, ƙofar waje a buɗe, lauyan wanda ake tuhuma zai ce ba a nan ake ajiye zinariya ba, kuma maganarsa tana da ƙarfi. Gidajen Sudan suna da wani abu da ke rikita wannan: lokacin zafi kowa a tsakar gida yake kwana, ɗakuna a buɗe don iska, waya a ƙarƙashin matashi. Wayar nan tana cikin hirzi, ba don ɗaki ba, sai don mai ita yana kwance a kanta. Asalin hukuncin yana cikin hadisin Safwan ɗan Umayya, wanda aka zare masa mayafi daga ƙarƙashin kansa yana barci a masallaci.

Sai kuma a fitar da kayan daga hirzin. Wanda ya ɗaure kaya a cikin ɗaki aka kama shi kafin ya ƙetare ƙofa bai cika satar haddi ba. Wannan taki ɗaya, ciki ko waje, shi ya sa mai bincike ke nacewa da tambayar daidai inda aka tsinci buhun, abin da ke ba mai gida haushi don yana ganin ɓata lokaci ne.

Akwai wani tanadi da mutane ba su cika sani ba. Wanda ya keta hirzi a ɓoye, sannan da aka farka ya ƙwace kayan a fili ko da ƙarfi, dokar ta ce har yanzu a ɓoye ya ɗauka. Ba zai tsira da cewa ai mai gida yana kallonsa ba.

Nisabi a dokar Sudan dinari ɗaya ne na zinariya, nauyin giram 4.25, ko kimarsa a kuɗi kamar yadda Shugaban Alƙalai ke ƙayyadewa lokaci zuwa lokaci. Wanda ya yi karatun Risala a zaure zai ce ai rubu'in dinari ne ko dirhami uku, kuma gaskiyarsa, haka yake a mazhabar Malik. Masu tsara dokar sun ɗauki ra'ayin da ya fi ɗaga ma'aunin, ninki huɗu, don a rage waɗanda haddi zai hau kansu. Tun da fam ɗin Sudan ya shiga faɗuwa, adadin kuɗin ya zama abin da ake sabuntawa, don haka ranar da aka yi satar tana da muhimmanci. Kuma kimar kayan ba bakin mai kaya ke yanke ta ba. Talabijin da aka saya shekara shida da suka wuce ana kimanta ta ne a matsayin tsohuwa, da shaidar waɗanda suka san kasuwarta. In gungu ne suka yi satar, jimillar abin da suka fitar ake dubawa, ba kason kowa ba.

Ko duk waɗannan sun cika, sashe na 172 ya jera abubuwan da ke kayar da haddin. Sata tsakanin iyaye da 'ya'ya, ko miji da mata, ko dangin da aure ya haramta tsakaninsu. Wanda larurar abinci ko magani ta tilasta, bai ɗauki fiye da bukatarsa ba, tafarkin da Sayyidina Umar ya bi a shekarar yunwa. Wanda ke da kaso a cikin dukiyar, kamar magajin da ya fasa ɗakin gadon da ba a raba ba. Mai bin bashin da ake ja masa rai ko ake musanta masa, ya ɗauki daidai haƙƙinsa. Wanda ya mayar da kayan ya bayyana tuba kafin a gurfanar da shi, in ba shi da tarihin irin laifin. Wanda ya janye iƙirarinsa alhali babu wata hujja sai shi. Wanda yankan zai halaka shi, ko hannunsa na hagu ya riga ya shanye ko ya guntule. Da kuma wanda aka yi wa izinin shiga hirzin.

Wannan na ƙarshen shi ya fi yawan aiki, domin da ɗan gari akan ci gari. Mai gadi, 'yar aiki, ɗan haya a ɗaki ɗaya na gidan, baƙon da aka sauka a daiwan, wato ɗakin baƙi, yaron shago mai riƙe da makulli: duk an ba su izinin shiga wani wuri. Gardamar takan koma kan wane wurin. An yarda 'yar aiki ta shiga ɗakin uwar gida ta share, amma an yarda ta buɗe durowar da ke kulle a cikinsa? In durowar a kulle take kuma an ɓalle ta, mai ƙara zai ce ita ce hirzin, ba ɗakin ba. In makullin yana rataye a jikinta, magana ta ƙare. Wanda kuma aka damƙa wa kayan a hannu ya ci, kamar mai gadin sito da aka ba ajiya, ba ɓarawo ba ne a idon doka, maci amana ne, sashe na 177.

Faɗuwar haddi ba sallama ba ce. Sashe na 173 ya ba alƙali damar ɗaure mutumin har shekara 7 ko ya ci shi tara.

Hujjar haddi ma ƙunci gare ta: iƙirari a gaban alƙali, ko shaidun da suka gani da ido, kuma kowace shubuha tana kayar da shi. Zanen yatsa, sawun ƙafa, karen 'yan sanda, samun kayan a ɗakin mutum, duk alamomi ne masu ƙarfi da za su iya ɗaure shi a ƙarƙashin 174, amma ba su ne ganin ido ba. In ma an yanke hukuncin yanke hannu, sai Kotun Ƙoli ta tabbatar kafin a zartar. Shi ya sa zartarwar ta yi ƙaranci ƙwarai idan aka kwatanta da yawan ƙararrakin. Duk da haka sashen da aka buɗe ƙara da shi yana da tasiri tun ranar farko, domin wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa yankewa ne ba a sakinsa a kan beli kamar na sata ta gama-gari.

In ƙarfi ya shigo, suna ya canza. Satar da aka haɗa da duka ko barazana nahabu ce, sashe na 175, kuma ɗaurinta ana ɗora shi ne a kan hukuncin raunin da aka yi. Sama da ita akwai hiraba, sashe na 167 da 168: tsoratar da jama'a ko tare hanya da makami, a bayan gari, ko a cikin gari inda babu halin kawo ɗauki. Hukuncinta yana kaiwa ga yanke hannun dama da ƙafar hagu, ko kisa in an kashe rai ko an yi fyaɗe. An zartar da irin wannan yankan a Hartum a Fabrairun 2013.

In an rutsa ɓarawo a cikin gida

A nan ne mai gaskiya ke komawa wanda ake tuhuma. Sashe na 12 ya ba mutum haƙƙin kare kansa, da dukiyarsa, da mutuncinsa, da na waninsa, amma da sharaɗi: haɗarin ya zama yana gabansa a lokacin, babu halin neman hukuma, kuma ya tunkuɗe shi da gwargwadon abin da ya isa. Kashewa da gangan ba ta halatta sai inda ake tsoron kisa, ko mummunan rauni, ko fyaɗe, ko sace mutum, ko hiraba, ko nahabu, ko ɓarna irin ta sa wuta. Sata zalla ba ta cikin jerin. Ɓarawon da ya juya baya yana haura katanga da tukunyar gas a kafaɗa, haɗarinsa ga rai ya wuce. Wanda ya sare shi a lokacin zai amsa tambaya, kuma ko an yarda cewa da kyakkyawar niyya ya wuce iyaka, akwai ɗauri da diyya.

Dukan taron dangi bayan an ɗaure shi ya fi wannan muni, don babu ko inuwar kariyar kai a ciki. Doka ta yarda kowa ya kama wanda ya gani yana aikata irin wannan laifi, amma don ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. In an kai shi jina-jina, abu na farko da za a yi a ofishin shi ne a ba shi Urnik 8, takardar da likita ke cikewa kan raunuka, kuma da ita zai buɗe tasa ƙarar. Iƙirarin da aka tatsa da sanda a ƙofar gida ba shi da amfani a kotu. Abin da yake yi kawai shi ne ba lauyan mutumin hujjar cewa duk abin da ya faɗa daga baya tsoro ne. In yaro ne da bai kai shekara 18 ba, Dokar Yara ta 2010 ce ke aiki, hanyarsa ta sashen kare iyali da yara ce, ba ta manya ba.

Safiyar da aka tashi aka ga an shiga

Kada a share tsakar gida. Rairayin da ake yayyafa wa ruwa da yamma yana riƙe sawu da kyau, kuma har yau ana aiki da masu bin sawu a garuruwan Sudan, kotu tana sauraronsu a matsayin alama. A kife tasa ko kwano a kan sawun da ya fi fitowa, a hana maƙwabta masu zuwa jaje zagaye wurin. Kada a taɓa kwaɗon da aka ɓalle, kada a jefar da shi, kada a kira mai walda sai mai bincike ya gani ya rubuta. A ɗauki hoton ƙofar daga waje da ciki, da inda bulo ya zube a katanga, da durowar yadda aka bar ta. Kwaɗon da aka yanka da wanda aka buɗe da makulli labari biyu suke bayarwa: na farko baƙo, na biyu wanda ya san gidan.

Sannan a je ofishin 'yan sanda mafi kusa a buɗe balagi, wato a shigar da ƙorafi, a karɓi lambarsa da kwanan watansa a rubuce. Jerin kayan da za a bayar a yi shi da natsuwa, don shi za a riƙa auna maganar mai kaya da shi har ƙarshe. Wanda ya ce awarwaro huɗu ranar farko, ya dawo bayan mako ya ce bakwai, ya raunana shaidarsa da kansa. Zinariya a faɗi nauyinta da giram, da karat ɗinta, 18 ne ko 21, da rasiɗin maƙeri in akwai, domin da zarar an narkar da ita babu sauran kama. Waya a kawo lambarta mai lamba 15 da ke jikin kwali, wadda ake gani in an danna *#06#. A rufe layin a Zain ko Sudani ko MTN nan take, a sanar da banki ya tsayar da Bankak, manhajar banki ta waya, don sau da yawa abin da ke cikin asusun ya fi wayar tsada. Dabba a faɗi tambarin da ke jikinta da tsagar kunne, a kai labari kasuwannin dabbobi na kusa, inda ba a cinikin baƙuwar dabba sai da lamuni.

Takardu kuma a yi musu balagin ɓata na daban: lambar ɗan ƙasa, fasfo, takardar fili. Bahaushen Sudan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda ko wanda kakansa aka haifa a Sinnar akan sa shi ya sake kawo hujjar asalinsa in takarda ta ɓace.

In an kama wani, 'yan sanda suna iya tsare shi awa 24 don bincike, wakilin niyaba ya ƙara har kwana 3, abin da ya wuce haka sai da umarnin alƙali. Mai kaya da ya yi zamansa a gida cikin kwanakin nan, bai kawo shaidu ba, bai zo ya gane kayansa ba, kada ya yi mamaki in ya ga mutumin a kasuwa.

Yawancin irin waɗannan rigingimu a unguwannin Hausawa ba sa isa kotu. Dattawa ne ke zama, abin da ake kira judiyya, a gaban shehun unguwa ko umda ko limami, a mayar da kaya, iyayen yaro su ba da haƙuri. Dokar da kanta ta bar ƙofar wannan, tunda mayar da kaya da tuba kafin gurfanarwa suna kayar da haddi. Amma lokaci ne ke hukunci. In magana ta riga ta tabbata a gaban alƙali a matsayin haddi, sashe na 38 ya ce afuwa ba ta kayar da shi, daidai da abin da Annabi (SAW) ya gaya wa Safwan da ya so ya yafe bayan ya kawo ɓarawon: me ya hana ka yi haka kafin ka zo da shi? A sata ta gama-gari ma, yafewar mai kaya haƙƙinsa take saukewa, na hukuma yana nan. Sulhun da aka yi a rubuta shi, da jerin abin da aka mayar da sa hannun shaidu, in ba haka ba gobe a ce an karɓi kuɗi don a rufe laifi.

Gidajen da yaƙi ya wofintar

Duk abin da ya gabata an tsara shi ne don ɓarawo ɗaya da dare ɗaya. Daga 15 ga Afrilun 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da rundunar RSF, abin ya zama wani iri. An wawashe unguwanni sukutum a Hartum, da Bahri, da Umdurman, sannan Wad Madani bayan dakarun RSF sun shige ta a Disambar 2023, da garuruwan jihar Sinnar a 2024. Mutane suka raɗa wa abin suna shafshafa, kasuwannin da ake baje kayan kuma ake ce musu kasuwannin Dagalo, da sunan shugaban RSF. Da sojoji suka karɓe Wad Madani a Janairun 2025 da Hartum a Maris, masu komawa suka tarar ba kayan ɗaki kaɗai aka kwashe ba, har wayoyin wuta an zare daga bango saboda tagullar ciki.

Ta fuskar doka, gida ɗaya yakan ƙunshi laifuffuka hawa-hawa. Masu bindigar da suka fara ɓalle ƙofa suka kori mutanen gida, aikinsu ya fi kama da hiraba, tunda ga makami ga rashin mai kawo ɗauki, kuma wawashe dukiyar farar hula laifin yaƙi ne, babin da aka ƙara wa dokar a 2009. Wanda ya zo bayan wata biyu ya tarar da ƙofa a wangale ya ɗauki firji, da wuya a ce ya keta hirzi, don an riga an keta shi, amma 174 da 183 suna jiransa. Wanda ya tare a gidan ya ƙi fita da mai shi ya dawo, 183 ta ambaci wanda ya zauna ba bisa haƙƙi ba. Sai na ƙarshe, wanda ya fi kowa yawa: mai saye.

Sashe na 181 ya kama wanda ya karɓi kayan sata, ko ya ɓoye su, ko ya taimaka aka batar da su, yana sane ko yana da dalilin da zai sa ya zaci na sata ne. Ɗaurinsa yana kaiwa shekara 7, daidai da na ɓarawon. Ba a bukatar a ce an gaya masa. Farashin, da wurin cinikin, da rashin rasiɗi, da wanda ya sayar, su ne dalilin. Wanda ya sayi injin sanyaya ɗaki a kan kuɗin buhun sukari, a kasuwar da kowa ya san sunanta, zai sha wuya kafin ya gamsar da alƙali cewa bai zata ba.

Wanda ya hango kayansa a gidan wani kada ya shiga ya ɗauka, don shi ma sai a buɗe masa 183. Hanyar ita ce ya koma kan balaginsa, niyaba ta ba da umarnin bincike, a shiga da ɗan sanda da shaidu biyu, a rubuta abin da aka samu. Kayan sukan zauna a hannun hukuma a matsayin abin nuni, ana kuma iya damƙa wa mai su bisa alkawarin kawo su ranar zama. In an samu mutum da laifi, sashe na 46 ya sa kotu ta umarci a mayar da abin da ya samu, kuma tana iya yanke diyyar asara in mai kaya ya nema. Sai ya nema ɗin. Matsalar ita ce tabbatar da cewa naka ne, alhali rasiɗan sun ƙone ko sun watse tare da gidan. Abin da ke taimako shi ne lambar da ke bayan na'ura, hotunan biki ko suna da kayan suka fito a ciki, saƙon cinikin da ya rage a waya, mai gyaran da ya taɓa canza wa firjin injin, da tabon da mai abu kaɗai zai iya faɗa kafin a nuna masa.

Akwai kuma agogo da ke tafiya. Dokar bin shari'ar laifuffuka ta 1991 ta hana buɗe ƙarar ta'aziri in wa'adi ya wuce, ana lissafi daga ranar da aka yi laifin: shekara 5 ga laifin da ɗaurinsa ya haura shekara ɗaya bai kai goma ba, kuma sata ta gama-gari da karɓar kayan sata a nan suka faɗo. Gidan da aka fasa a watannin farko na yaƙin, wa'adinsa yana cika a 2028. Ana buɗe balagi ko ba a san wanda ya yi ba, a rubuta shi a kan wanda ba a sani ba, a haɗa da jerin kayan da hotunan gidan yadda aka same shi. Wanda ke gudun hijira a Masar, ko Chadi, ko Saudiyya yana iya wakilta ɗan'uwa da takardar wakilci da aka tabbatar a ofishin jakadancin Sudan, ya buɗe a madadinsa.